Bayan umra za mu hau jirgin ruwa da Inna: ta yaya za mu kauce wa zawo da mura?

Maman Nafisa, Yantala
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, musamman wurin ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan da waɗanda suka taɓa hawa babban jirgin ruwa. Yayana da ke zaune Jidda ya biya mana umra ni da mahaifiyarmu, cikin watan Oktoba in Allah ya kai mu. Ya ce in mun gama ibada zai sa mu a jirgin shaƙatawa da ke tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya, ya tsaya Masar da Jodan ya dawo. Inna sai murna take, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ta haura saba'in, tana da ciwon suga da tansiyo, kuma na sha ji a rediyo cewa zawo da amai kan ɓarke a jiragen nan. Me zan tanada? Me zan hana ta, me zan bar ta ta yi?

Alhaji na Katako
Wa alaikumus salam. Hajiya, ni dai shawarata ku yi umrarku ku dawo gida. Kun manta jirgin nan Diamond Princess na lokacin korona? A Fabrairun 2020 aka tsare shi a tashar Yokohama ta Japan da mutum sama da 3,700 a ciki, 712 suka kamu. Tsohuwa mai suga me za ta je yi tsakiyar teku, inda ko an ce a kai ta babban asibiti ba hanya?

Ɗan Adar mai aikin jirgi
Alhaji, ranka shi daɗe, abin da ka hwaɗi ya auku, amma lokacin nan duniya duka ba ta san kan cutar ba, ba allura ba magani. Ni na yi aiki cikin irin jiragen ga a tekun Bahar Rum, da farko shara da goge-goge, daga baya kicin. Tsabtar da anka tilasta muna can ban gan ta a wani otel na tudu ba. Ana auna zahin abinci da na'ura a rubuta, wanda ya daɗe a waje a zubar ko bai lalace ba. Galibi ba daga kicin ciwon ke hitowa ba, daga masu hawa ne. Mutum shi shigo da ciwon ciki shi ɓoye, shi hito bayi bai wanke hannu ba, shi kama cokalin da kowa ke ɗibar shinkafa da shi. Yaya Maman Nafisa, ku tahi abinku, amma ku san inda za ku sa hannu.

Hajiya mai atamfa, Babbar Kasuwa
Ƙanwata kada kowa ya tsorata ki. Na hau na kogin Nilu daga Luksor zuwa Aswan, lafiya lau na sauka. Jel ɗin hannu shi ne maganin, kwalba a jaka kwalba a aljihu, duk abin da kika taɓa ki shafa. Sannan ki sayi Flagyl da Cipro, tun ranar hawa ku fara sha ɗaya-ɗaya don rigakafi.

Baba Majo, Tawa
Hajiya ki yi haƙuri, nan kam sai na tsaya miki, don lahiyar tsohuwa ake magana. Abu biyun da kika kawo duka da gyara.

Cutar da ta hi ɓarkewa cikin jiragen ga ana ce mata norobirus. An hwara lura da ita bayan ta kwantar da ƴan makaranta a garin Norwalk na Amurka a 1968. Ba baƙuwa ba ce gare mu, tana nan Tawa tana nan Yamai, tana cikin abubuwan da ke sa yaro shi kwana amai da zawo, jibi shi miƙe shi nemi abinci. Daga shigarta jiki zuwa bayyanarta awa 12 zuwa 48 ne, ta yi kwana 1 zuwa 3 ta wuce. Ga mai ƙarhi wahala ce kawai. Ga tsoho da jariri da mai suga, ƙarewar ruwan jiki ita ce abin tsoro.

Abin da ya sa take da wuyar sha'ani, ƙwayoyi ƴan kaɗan, ƙasa da 100, sun isa su kada mutum, alhali mai ciwon yana zubar da biliyoyi cikin amai da bayan gida. Tana iya zama kan mariƙin ƙofa da maɓallin asansar kwanaki, har makonni. To ga inda jel ke gazawa. Alkol ɗin da ke cikinsa yana narka ƙwayoyin da ke da rigar kitse a jikinsu, irin na mura da na korona. Norobirus ba ta da wannan riga, ɓawonta mai tauri ne, alkol ba ya yi mata abin kirki. Sabulu ma ba kashe ta yake ba, ɓamɓare ta yake daga fata ruwa shi tahi da ita. Don haka sai an cuɗa sosai, sakan 20 aƙalla, tahin hannu da bayansa, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, a ɗauraye da ruwa mai gudu. Ki riƙe jel ɗinki don mura, ban hana ba. Amma hitowa bayi da zaman cin abinci, sabulu da ruwa.

Flagyl da Cipro kuwa antibiyotik ne, kuma antibiyotik ba ya taɓa birus irin norobirus ko kaɗan. In mutum ya sha ba ciwo, yana kashe ƙwayoyin kirki da ke cikin hanji, shi kansa shi kawo zawon da ake gudu. Cipro ga mai suga yana iya hargitsa sukarin jini, ya hau ko ya hwaɗi, ga wanda ya wuce 60 kuma yana iya lalata jijiyar agara. Maman Nafisa, don Allah kada ki ba Inna ko ƙwara ɗaya sai likita ya rubuta.

Hajiya mai atamfa, Babbar Kasuwa
To Baba Majo, ni dai na sha, ban ga komai ba, kuma ban yi zawo ba.

Baba Majo, Tawa
Allah ne ya tsare ki, ɗiyata. Waɗanda kunka hau tare ba su sha komai ba, su ma mahi yawansu lahiya sunka sauka. Kuma ke ba ki da suga.

Ɗan Zongo
Ni fa ina ganin ana kambama abin nan. Mu da muke alwala sau biyar a rana, ga wanke hannu kafin tuwo, me ya rage? Irin ciwon nan Turawa yake kamawa, su da cikinsu bai san komai ba. Mu mun sha ruwan gulbi mun sha na tabki, ga mu nan daram.

Malam na Bukoki
Ɗan Zongo, alwala tsarki ce ta ibada, kuma tana rage datti, babu musu. Amma ba a sa sabulu a alwala, kuma Majo ya bayyana mana cewa ƙwayar nan sai an cuɗa da sabulu take fita. Ba su kore juna ba. Ka wanke hannunka da sabulu bayan ka kama ruwa, sannan ka yi alwalarka. Wanke hannun tuwo da ka ambata kuwa, in kwano ɗaya ne mutum takwas suka tsoma hannu, na ƙarshe ba wankewa ya yi ba.

Ɗalibar likitanci, Harobanda
Yaya Ɗan Zongo, da cikinmu ya gagari cuta da kwalara ba ta shiga Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2021 ba. Norobirus kuma iri-iri ce, garkuwar da mutum ke samu bayan ya warke ba ta daɗewa, kuma ba lallai ta tsare shi daga wani irin ba. A jirgi za ka haɗu da mutanen ƙasashe da dama, kowa da irin da ya ɗauko daga garinsu.

Ga Alhaji kuma, akwai abin da ya kamata a sa a ma'auni. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana da shirin binciken tsabtar jiragen shaƙatawa tun 1975. Ma'aikatanta na hawa ba sanarwa su ba da maki cikin 100, jirgin da ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi. In masu zawo da amai suka kai kashi 3 cikin 100 na fasinjoji ko na ma'aikata, ana wallafa sunan jirgin kowa ya gani. Shi ya sa labarin jiragen ke yawan zuwa rediyo. Amma hukumar da kanta ta ce ɓarkewar norobirus a jiragen ruwa kusan kashi 1 cikin 100 ce ta duk wadda ake kawo rahotonta a ƙasar. Ta fi yawa a gidajen kula da tsofaffi da asibitoci. Shirin nan ya shafi jiragen da ke tsayawa tashoshin Amurka ne kawai, na Bahar Maliya ba ya ciki. Abin da ya hau kowane jirgi mai tsallaka ƙasashe shi ne dokar lafiya ta duniya ta 2005, wadda ta ce sai yana da takardar shaidar tsabta da ake sabuntawa duk wata 6.

Alhaji na Katako
Ƴata, na ji lissafinki. Amma wanda ciwo ya kama ba ruwansa da kashi ɗaya cikin ɗari. Ni har yanzu da uwata ce ba za ta hau ba.

Maman Nafisa, Yantala
Alhaji na gode, na san don Allah ka faɗa. Sai dai Inna ta riga ta ƙwallafa rai, kuma tun rasuwar Baba ban ga wani abu ya faranta mata kamar wannan tafiya ba. Ɗan Adar, ƙanena, kai da ka san ciki, yaya wurin cin abincin yake? Kuma maganar bayi fa, ka san tsofaffinmu da buta.

Ɗan Adar mai aikin jirgi
Yaya, wurin abinci iri biyu ne. Akwai na ɗibi da kanka, inda anka jera komai kowa shi zuba abin da yake so, akwai kuma inda za ku zauna a kawo muku a faranti. In da hali ki riƙa kai Inna na biyun. In kun shiga na ɗibi da kanka, ke ki zuba mata, kuma ku wanke hannu bayan kin gama ɗiba, ba kahin kawai ba, don cokulan nan hannu nawa sunka riƙe su kahin naki. Manyan jirage da yawa suna da wurin wanke hannu bakin ƙohwar shiga. Mutane na wuce shi su miƙa hannu ga mai fesa jel don sun ga ya hi sauri, kada ki bi su. Ku ci abin da ke da zahi yana tururi. Kawa da sauran kayan teku ɗanye ku bar wa masu shi, don ƙwayar nan tana taruwa cikinsu, kuma ɗan turarawa sama-sama ba ya kashe ta.

Ruwan famfon manyan jirage daga teku ake tace shi a sa masa kulorin, ana auna shi kullum, mu da shi munka rayu. In kun sauka yawo a tudu ne za ki tsaya kan ruwan kwalba mai hatimi, ki ƙi ƙanƙara, ki ƙi salak da ƴaƴan itacen da wani ya yanka.

Buta kuwa ki sa ƙaramar ta roba cikin kaya, ko da za ku iske tiyon tsarki. Kuma wanga shi ne mahi muhimmanci: ku riƙa komawa bayin ɗakinku, ku bar na jama'a sai dole. In kinka ga wani ya yi amai a hili, ki ja Inna ku bar wurin nan take, ki hwaɗa wa ma'aikaci. Kada tausayi shi sa ki tsaya gogewa kamar yadda munka saba a gida. Amai na watsa ƙwayar cikin iska, mu kanmu sai da safar hannu da takunkumi da ruwan jabel muke kusantarsa.

Hajiya mai atamfa, Babbar Kasuwa
Amma ku faɗa mata gaskiya duka. Na ji an ce in ka je wurin likitan jirgi ka ce kana zawo, kulle ka suke a ɗaki, ba fita ba yawo, kuɗinka ya tafi a banza. Ni da ni ce Imodium zan sha in yi shiru, in ci gaba da harkata.

Ɗan Adar mai aikin jirgi
Hajiya, wannan shirun shi ne ke kwantar da jirgi. Jirgi kamar gidan buki ne da ba a watsewa, kwano ɗaya, ƙohwa ɗaya, dare da rana. Gaskiya ne ana ce wa mai ciwo shi zauna ɗaki, galibi har awa 24 bayan amai ko zawon ƙarshe, mu na kicin kuwa awa 48. Amma ba kurkuku ba ne. Ana kawo maka abinci har ɗaki, ana zuwa a wanke bayin da magani na musamman, ana bugo waya a ji yadda kake. Na ga lokacin da anka yi ta ɓoyewa har abin ya yawaita, sai anka ɗauke cokulan ɗiba daga hannun mutane, anka ruhe wurin wanka, mu kuma munka kwana muna goge ƙarahunan matakala. Kowa ya rasa hutunsa, har wanda bai yi ciwo ba. Kuma Imodium yana tsayar da zawo ne, ba ya hana ka raba wa mutane ƙwayar.

Malam na Bukoki
Hajiya, wannan ba maganar kuɗi kaɗai ba ce, akwai haƙƙi a ciki. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya. In dabba an kiyaye mata wannan, ina ga ɗan Adam? Wanda ya san yana ɗauke da ciwo ya shiga cikin jama'a ya kama cokali, wata tsohuwa kamar Innar Maman Nafisa ta ɗauka ta galabaita, yana da kaso a wahalarta. Kuma mutum ya fito daga umra jiya-jiya. Kwana ɗaya a ɗaki bai kai a ɗauki wannan nauyi ba.

Maman Nafisa, in jiri ya hana Inna tsayuwa a jirgi, ta yi sallarta a zaune, babu laifi.

Anti mai farmasi, Wadata
Na shigo a makare, amma bari in sa baki kan jakar magani, don nan ne aikina.

Abu na farko SRO, garin gishiri da sukarin nan da ake ba yara masu zawo. Ki sayi sashe da dama, ba nauyi gare su ba. Sashe na lita 1 a cikin lita 1 na ruwa mai tsabta, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko ana amai. In ya ƙare, lita 1 na ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada ki ce tana da suga ba za ta sha ba. Za ta sha, sai dai ki riƙa auna sukarin akai-akai, don haka na'urar awo da isassun tsinkayenta su shiga jaka.

Imodium ba a shan shi in akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida, kuma ga mai shekarun Inna ni ba zan ba ta ba sai likitan jirgi ya gan ta. Wane magani take sha na suga da na tansiyo?

Maman Nafisa, Yantala
Anti, metformin take sha safe da dare. Na tansiyon kuma guda biyu ne, ɗaya yana sa ta yawan fitsari.

Anti mai farmasi, Wadata
To kin ga dalilin da ya sa ɓoyewa ba taku ba ce. Metformin da maganin da ke sa fitsari, in mutum yana amai da zawo ruwan jiki ya ragu, suna iya taɓa ƙoda. Sau da yawa likita kan ce a dakatar da su har a koma ci da sha. Amma ba ke za ki yanke ba. Ki kai ta wurin likitanta tun saura wata ɗaya ko fiye, ki tambaye shi ƙarara: in ta kamu da zawo a hanya, wanne zan tsayar, wanne zan ci gaba? Ya rubuta miki a takarda. Magungunan su zauna cikin kwalayensu na asali tare da takardar likita, a jakar hannu ba a akwatin da ake aunawa ba, kuma ki ɗauki fiye da na kwanakin tafiyar. In kika ga bakinta ya bushe, fitsari ya ragu, ko tana magana ba kan gado, ko da tsakar dare ne ki kira likitan jirgi.

Na jiri irin su Nautamine suna sa barci, ga tsofaffi har da ruɗewa da riƙewar fitsari, mai hawan jinin ido kuma ba ya sha. Ki fara da abin da ba magani ba: yayanki ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a bene na ƙasa-ƙasa, nan ne girgiza ta fi sauƙi. Ta fita ta sha iska ta kalli nesa, ta ci abinci kaɗan-kaɗan, ga citta a shayi.

Ɗalibar likitanci, Harobanda
Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma ni shi ya fi damuna. Oktoba za ku tashi daga Yamai, ƙarshen damina, lokacin da palu ke kan ganiyarsa. Sauro zai iya cizon Inna a Yantala daren tafiya, zazzaɓin bai fito ba sai bayan mako ɗaya, biyu, har wata guda. Wato yana iya bayyana kuna tsakiyar teku. Likitan jirgin nan ya saba da mura da zawo da jiri, in ya ga tsohuwa da zazzaɓi da amai tunaninsa zai tafi can. Palu kuwa yana zuwa da amai, wani lokaci har da zawo, kuma irin namu ba ya jira. Don haka duk zazzaɓin da ya taso, maganarki ta farko ga likita ita ce: daga Nijar muke, a yi mata awon palu. Ki tambayi likitanku na nan ko zai rubuta muku Coartem, maganin palu, da kayan awon gaggawa ku riƙe. Kuma makonnin nan kafin tafiya ta kwana cikin gidan sauro ba fashi.

Baba Majo, Tawa
Madalla ɗiyata, Allah shi ba ki sa'ar karatu. Wagga magana ta hi duk wadda munka yi. Ku da za ku hita waje ku riƙe ta, ba jirgin ruwa kawai ba.

In ƙara da katin rigakahi mai ruwan ɗorawa. Nijar na cikin ƙasashen da ake neman shaidar allurar shawara daga mutanensu, Saudiyya na nema, Masar ma na nema. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar rayuwa, don haka in Inna ta taɓa yi, katin kawai za ki nemo. In ba ta taɓa yi ba, sai likita ya duba, don ga wanda ya wuce 60 ba a yin ta kai tsaye, kuma sai ta kwana 10 take aiki a takarda. Ku tambayi ta sanƙarau da muka sani lokacin hajji, da ta mura.

Mura ɗin ma kada a raina ta. Kowa ya san tarin da alhazai ke dawowa da shi, mutane na cewa sanyin kilim ne. Kilim na busar da maƙogwaro, amma ƙwayar daga numfashin jama'a take. Inna ta sa takunkumi wurin ɗawahi da sa'ayi da cikin asansar mai cunkoso. In kuna da iko ku bar ƴan kwanaki tsakanin gama umra da hawa jirgi, ta huta, in wani abu zai hito shi hito kuna tudu.

Ɗan Zongo
To in sun sauka yawo fa? Yayan wani abokina ya ce a can ana hawan raƙumi, har da nonon taguwa mai ɗumi. Wannan kam ai magani ne, mutanen Abalak da Cintabaraden da shi suka girma.

Ɗalibar likitanci, Harobanda
Ba don Inna ba, Yaya. Cutar numfashi da ake kira MERS a Saudiyya aka fara gano ta a 2012, kuma daga raƙuma take tsallakowa zuwa mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu suga da ciwon ƙoda da na huhu su nisanci raƙuma da ɗanyen nononsu a yankin. In tana so a tafasa. Haka kwamin wankan nan mai ɗumi mai ɓulɓula da ke saman jirage, jakuzi. In ba a kula da shi sosai ba, ƙwayar lejiyonela na hayayyafa a ruwan ɗumi, mutum ya shaƙi feshin ya kamu da ciwon huhu mai tsanani, kuma tsofaffi da masu suga ta fi kamawa. Ba sai an shiga ba, zama kusa da shi ma ya isa.

Hajiya mai atamfa, Babbar Kasuwa
Wannan kam na yarda. A Nilu ma an hana mu tsoma ƙafa a wasu wurare saboda tsargiya, irin wadda ke sa yaran bakin gulbi fitsarin jini. SRO ɗin ma zan sa a jakata ta gaba. Amma jel ɗina yana nan.

Alhaji na Katako
Tunda kun ƙudura, ga tawa gudummawar ta ɗan kasuwa. Likitan jirgi ba kyauta ba ne, ba ya cikin kuɗin tikiti, kuma da kuɗin waje ake biya. In ciwo ya fi ƙarfinsa sauke mutum suke a tashar da ta fi kusa, ƙasar da ba ka san kowa ba. Ki sa yayanki ya yanki asurans na tafiya, ya karanta da idonsa cewa ya haɗa da jirgin ruwa, da kowace ƙasa da za ku tsaya, da ɗauko mara lafiya zuwa gida, da ciwon da mutum ke da shi tun kafin tafiya. Nan ne suke zamewa, su ce suga tsohon ciwo ne ba su biya. Kada ya ɗauka na umra ya wadatar sai ya tambaya.

Maman Nafisa, Yantala
Allah ya saka da alheri, Alhaji, yanzu zan tura masa. Tambaya ɗaya ta rage. Tunda an ce ƙwayar na zama kan ƙarafan matakala, in hana Inna riƙe su ke nan? Na yi tunanin in riƙa kama hannunta kawai.

Baba Majo, Tawa
A'a ɗiyata, kada ki hana ta. Ta riƙe ƙarhen da kyau, hannu biyu ma in ta so. Jirgi na motsi, daɓen kusa da wurin wanka na da santsi, ƙohohin bayin ɗakuna kuma suna da ɗan tudu da ke kama ƙahwa. In ta zame, ke ba ki iya tare ta, sai ku hwaɗi tare. Zawo kwana uku ne, karayar ƙugu ga mai shekara saba'in kuwa wata da watanni ce, wasu ba su sake miƙewa. Ta riƙe, ta kiyaye kai hannu baki da ido, in kun isa ɗaki ku wanke da sabulu. Ki sai mata takalmi mai ruhe dunduniya mai ƙasan roba, silifas ɗin nan su tsaya cikin ɗaki. Da dare kuma ki bar hitilar bayi a kunne, don mai shan maganin fitsari sai ta tashi.